Hisabin Baba da Wasiƙar Yaya

A shekarun da mudun masara ya fi ƙarfin talaka Yaya ya tafi. Ba mu kaɗai abin ya taɓa ba, duk ƙauyukan da ke shan ruwan dam ɗin Watari haka aka yi ta fama. Taki ya gagara, man injin ban-ruwa ya gagara, gidan da ake ɗora tukunya sau uku aka koma sau ɗaya, shi ma rabinsa kwaɗon rama ne. Mu biyu ne maza a gidanmu, ni da wana, kuma dukanmu mun yi karatun kwamfuta a birni, muka dawo muka ɗauki fartanya. Takardun Inna ta adana mana su a ƙasan adaka.

Wani ejan ne ya zo da maganar aiki a ƙasar waje, wai a wani babban kanti ana neman mai kula da kwamfutocinsu. Yaya ya ji, hankalinsa ya tashi. Baba kuwa malami ne kuma manomi, mutum ne da ba ya maimaita magana. Ya ce masa a'a sau ɗaya, ya ƙara da cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Yaya ya durƙusa, ya roƙa, ya turo abokan Baba, duk a banza. Daga ƙarshe ya ɗaure jakarsa ya tafi ba da yardarsa ba. Baba bai yi masa baki ba, wannan kam zan yi masa shaida, amma ya ce kada a ƙara ambaton Yaya a zaurensa. Haka aka yi. Ko Inna sai ta leƙa ta ga ba ya kusa kafin ta ce min, “Ko ka ji daga ɗan'uwanka?”

Ana gobe zai tafi, muna gonar tumatir muna karkatar da ruwa, ya ce min, “Ƙane, an ce can ba a barin mutum da wayarsa, kuma mai kula da ma'aikatan Bahaushe ne irinmu, duk abin da ka rubuta sai ya karanta. In ina da maganar da ba na so a gani, zan kulle maka ita yadda muke yi.”

Yadda muke yi ɗin wasa ne da muka saba tun muna makaranta. Akwai hanyar da ake kulle rubutu a kwamfuta ya koma tarkacen haruffa da lambobi, ba mai gane komai sai wanda ke da makulli. Shi makullin daga wata kalma ake samo shi. Kwamfuta za ta ɗauki kalmar ta yi ta juya ta, ta juya abin da ya fito, ta sake juyawa, har adadin da ka ce mata. Abin da ya fito a juyin ƙarshe shi ne makulli. In aka rage juyi ɗaya ko aka ƙara ɗaya, makullin da zai fito ko kusa ba zai yi kama da na gaskiya ba.

Ya ce kalmar ita ce 'yar addu'ar nan da Baba ke yi in zai jefa irin farko a rami ranar shuka. Ba zan rubuta ta a nan ba, don ban fid da rai zan sake buƙatarta ba. Na ce, “To adadin juyin fa?” Ya ce, “Hisabinta mana.” Hisabi shi ne lissafin malamai na da, wanda kowane harafin Larabci ke da lambarsa, sai a tara lambobin haruffan kalma a sami jimla. Baba gwani ne a kai. Na gyaɗa kai kamar na sani. Wallahi ban sani ba. Lokacin da Baba yake koya mana, Yaya ne ke zama, ni kuwa ina can bakin rafi ina harbin tsuntsaye da danƙo. Amma wa zai ce wa wansa bai iya ba ana gobe zai tafi? Na ce a raina in ta kama na duba a intanet.

Watanni biyun farko yana kira jefi-jefi a wayata, gaisuwa kawai, muryarsa a ɗaɗɗaure. Daga nan shiru. Rani ya wuce, bazara ta wuce, aka yi ruwan shuka, shiru. Inna ta rame. Baba kuwa na lura tuwonsa yana dawowa da saura, alhali a shekarun nan ba wanda ke rage tuwo. Ni ma kewarsa ta ishe ni. Na saba da mitarsa a gona, kullum yana ce min kunyata ta karkace, na ce masa idonsa ne a karkace. Yanzu kunya ta miƙe ko ta karkace, ba mai tanka min.

Ana tsakiyar noman farko saƙo ya shigo imel ɗina. A ƙauyenmu sai ka hau tudun da ke bayan makabarta kake samun sabis ɗin intanet, can na je na gan shi. Layi biyu ne a buɗe: “Ga gwajin aikin kanti, da PHP na yi, nan babu irin namu. Ka nuna wa Baba.” Ƙarƙashinsu kuma tarkacen haruffa, sun kai cikin tafin hannu. Ina gani na gane. Ba wani aikin kanti, wasiƙa ce ya kulle, ya yi mata wannan riga don mai kula da su ya ɗauka shara ce. Kuma ta Baba ce.

Na sauko da gudu, na ɗauko tsohuwar laftof ɗinmu wadda batirinta ba ya kai awa ɗaya. Mu da Python muka saba, shi ne yaren da muke rubuta umarnin kwamfuta da shi a gida. PHP wani yare ne daban, shi suke amfani da shi a can. Na ce ai ba komai, kulle ɗaya ne, lissafi ɗaya ne, yare ba zai hana ba. Na nemo jadawalin hisabi a intanet, na tara haruffan addu'ar, na sami jimla, na zuba, na danna.

Ta ƙi. Kwamfuta ta ce min ƙarshen saƙon bai daidaita ba, shi ke nan abin da ta iya faɗa.

Na sake. Ta ƙi. Na mayar masa da amsa a buɗe, “Gwajin bai tashi ba,” don ba zan iya tambayarsa adadin a fili ba, wancan mutumin zai gani. Ba amsa. Na gane ba kullum yake samun zama a gaban kwamfutar shi kaɗai ba, wataƙila ma wannan damar ɗaya ya samu.

Daga ranar rayuwata ta rabu biyu. Da safe gona, da azahar in hau keke in tafi Rimin Gado wurin mai cajin sola, in zauna a benci da laftof a cinya ina fama. Mai cajin har ya fara yi min ba'a, wai ko aljanu nake kira. Na ce masa da aljanu ne ai da tuni sun amsa.

Da na ga hasashe ba zai kai ni ko'ina ba, sai na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na sauke PHP ɗin a laftof ɗina, data ta ƙare sau biyu kafin ya gama sauka. Na ce bari in ajiye wasiƙar Yaya gefe. Zan ɗauki kalma ɗaya, “masara,” in kulle ta da Python, in kulle ta da PHP, da kalmar makulli ɗaya da adadi ɗaya, in ga ko abin da zai fito zai zama ɗaya. Kai! Ko harafin farko bai yi daidai ba. Nan na san akwai aiki.

Kwana da kwanaki ina bin su taki-taki. Na fara gano cewa shi PHP in ya gama kullewa ba ya ba ka abin tsurarsa, sai ya sake naɗe shi cikin haruffan da za a iya turawa, alhali nawa tsurarsa yake bayarwa. Na gyara. Sai maganar ciko. Shi kullen gida-gida yake ɗaukar rubutu, in gidan ƙarshe bai cika ba sai a cike shi, kamar yadda ake cike bakin buhu. PHP da kansa yake cikewa ba tare da ya faɗa maka ba, nawa kuwa sai na ce masa, kuma da abin da nake cikewa ba irin nasu ba ne. Na gyara wannan ma. Har yanzu ba su haɗu ba.

Na ukun shi ya kusa haukata ni. Ashe in PHP ya gama juya kalma, in ba ka hana shi ba, makullin a rubuce yake miƙo maka, kowace ƙwaya ɗaya ta makullin ta zama haruffa biyu. In ka ce ya ba ka talatin da biyu, haruffa talatin da biyu zai yanko maka, wato rabin makullin gaskiya, sai a kulle da waɗannan haruffan. Nawa kuwa ƙwayoyin yake bayarwa cif. Na san halin Yaya, mutum ne mai gaggawa, a tsaye ma wataƙila ya rubuta, yana waiwaye. Na ce lalle bai hana shi ba. Na sa nawa ya kwaikwayi wannan ɗabi'a.

Ranar da “masara” ta fito iri ɗaya a yarukan biyu, harafi da harafi, na bi su da yatsa sau uku. Na yi kabbara a bencin mai caji har wata mai awara ta firgita. Na ɗauko wasiƙar Yaya na zuba.

Ta ƙi.

Ban san lokacin da na rufe laftof ɗin da ƙarfi ba. Na zagi PHP, na zagi wanda ya ƙirƙiro shi, na zagi ejan, har Yaya sai da na haɗa da shi, na ce mutum ya tashi ya tafi uwa duniya ya bar mu da wasa ƙwaƙwalwa. A hanyar gida na tsaya a gindin wata ɗorawa na yi kuka, ni da gemuna. Sati biyar ke nan wasiƙar tana hannuna. Kullum in na shigo gida Inna za ta dube ni, ba ta ma tambaya kuma, ido kawai. Ni kuma in girgiza kai. Ita kaɗai na gaya wa.

Ita ce ma ta ce min, tana tankaɗe, “Kai da ka ce da lissafin malam aka kulle, me ya hana ka tambayi malam ɗin?”

Na ce, “Inna, lissafin ba shi da matsala, na duba sau goma.”

Ta ce, “A ina ka duba?”

Na ce a intanet. Ta taɓe baki ta ci gaba da tankaɗenta.

Kwana biyu ina jan ƙafa. Abin da nake tsoro biyu ne: kada Baba ya gane maganar Yaya ce ya tashi ya bar min zauren, da kuma kada ya gane ɗansa da ke zaune da shi kullum bai iya hisabi ba. Rana ta uku bayan la'asar na same shi a zaure a kan buzunsa, yana gyara ƙotar fartanya. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye laftof a gefe, na miƙa masa takardar da na yi lissafin a kai.

Na ce, “Baba, don Allah a duba min wannan, hisabin addu'ar shuka nake so in koya.”

Ya dube ni ta saman tabarau. “Yau kuma? Da gemu?”

Ya karɓa ya nisanta takardar da idonsa, yana bi da ɗan yatsa. Bai yi nisa ba ya tsaya.

“Harafin sin sittin? Wa ya ce maka sin sittin ne?”

Na ce haka na gani a jadawali.

“Jadawalin wa?”

Na yi ƙasa da murya na ce na intanet.

Ya ajiye takardar. Na zaci faɗa zai yi, sai ya share ƙasa da tafin hannu a gabansa, ya fara ɗiga lambobi da yatsa. Ya ce, “Wannan da ka kwaso lissafin mutanen gabas ne. Ba ƙarya suka yi ba, nasu ne. Mu ba shi muka gada ba. A wurinmu sodi ne sittin, sin ɗari uku ne. Haka malamina ya koya min, haka nasa ya koya masa. Haruffa shida ne muka saɓa da su a kai, biyu suna cikin addu'ar nan taka.” Ya tara, bakinsa na motsi, ya rubuta jimla a ƙasa ya zagaye ta. Ta yi nisa da tawa.

Ban iya jira in fita ba. Nan a gabansa na buɗe laftof, batiri saura kaɗan, na goge lambata na sa tasa, na danna.

Sai ga Hausa. Layi bayan layi, Hausar Yaya, har da yadda yake cinye wasali in yana sauri. Na ce, “Ya buɗe!” da ƙarfi, na manta inda nake.

Baba ya ce, “Me ya buɗe?”

Ba hanyar gudu. Na sunkuyar da kai na gaya masa komai, tun daga gonar tumatir har bencin mai caji. Ina jira ya ce in tashi in ba shi wuri. Sai ya nuna lambar da ke ƙasa da yatsa.

“Shi da wannan ya kulle?”

Na ce, “Da ita, Baba.”

“A can ɗin akwai wanda zai tambaya?”

Na ce babu, da ka ya yi.

Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Ya ce, “Karanta.”

Wasiƙar ba ta da tsawo. Ya gaishe da Baba gaisuwar da ta kamata, ya gaishe da Inna. Ya ce yana raye, yana da lafiya, amma fasfonsa na hannun masu kantin, wayarsa ma haka, kuma aikin ba wanda aka faɗa masa ba ne, dako ne ya fi yawa. Ya ce maganar Baba ta tabbata a kansa, ba ya neman a tausaya masa, gafara kawai yake nema. Ya tambaya ko an samu takin da za a sa wa dawa bana. Sai ƙarshen. Ya ce wani abokin aikinsa ya yarda zai ara masa waya ranar Juma'a ta uku daga ranar da ya rubuto, bayan an sauko daga masallaci. Zai kira lambar Baba sau uku. “In Baba ya ɗauka, ko bai ce komai ba, na san ya yafe min. In bai ɗauka ba, na fahimta, ba zan ƙara damunsa ba.”

Na ƙirga a raina. Juma'ar ta wuce da sati biyu da 'yan kwanaki.

Baba ya laluba aljihu ya ciro 'yar wayarsa mai madannai, ya miƙo min ba tare da ya dube ni ba. Na shiga wurin kiran da ba a ɗauka ba, na yi ƙasa, na yi ƙasa. Ga ta nan. Doguwar lamba, sau uku a jere, ranar Juma'a. A shekarun nan 'yan damfara sun addabi mutane da kira, kuma ni da bakina na ce wa Baba duk lambar da ya ga ta yi tsawo kada ya ɗauka.

Ya ce, “Ina zaune a nan ta yi ta ƙara. Ina kallonta.”

Ban taɓa ganin hawayen Baba ba sai ranar. Bai share ba, ya bar su suka shiga gemu.

Mun kira lambar a take, a kashe. Mun kira washegari, a kashe. Bayan kwana huɗu wani ya ɗauka da yaren da ba mu ji, ya kashe, daga nan ba ta ƙara shiga ba. Na je neman ejan har kasuwar Dawanau, inda aka ce yana da ɗan'uwa mai sayar da wake, aka ce ya daɗe da barin gari.

Baba ya sa na zauna ya yi min shifta. Ya ce a rubuta masa ya yafe duniya da lahira, ya ce a gaya masa dawa ta yi kyau ko ba taki, ya ce ya dawo ko da rigar jikinsa ce kaɗai. Na kulle da Python da lissafin Baba, na buɗe da PHP don in tabbatar zai buɗu a can, na sake kullewa na sake buɗewa, sannan na hau tudu na tura. Duk wata nakan sake turawa. Ban sani ba ko yana gani. Ban sani ba ko har yanzu yana kantin. Damina uku ke nan.

Na zauna na koyi hisabin a wurin Baba, harafi da harafi, yana yi min tsiya ina haɗiyewa. Yanzu ko cikin barci aka tashe ni zan kawo shi. Amfanin me, oho. In na tuna da awa ɗaya a zaure tun ina yaro ta isa ta sa a ɗauki wayar nan, sai in ji na tsani kaina. Inna takan ce in daina, haka Allah ya rubuta. Na sani. Sanin bai hana ni kewar ɗan'uwana ba.

Baba ya janye dokarsa ba tare da ya ce ya janye ba. Yanzu shi ke fara ambatonsa. Ranar Juma'a kuwa ba ya tsayawa gaisawa a ƙofar masallaci kamar da. Ana sallamewa zai saɓa buzunsa ya kamo hanya, har mutane suna cewa ko malam ba shi da lafiya. Zai zauna a zaure ya ɗora wayar a gwiwa har la'asar. Tun daren Alhamis nake kai masa ita caji. Kowace lamba ta shigo ɗauka yake yi, gajera ko doguwa.

Juma'ar da ta wuce ina gefensa wani ya kira, irin masu cewa ka ci kyauta, ka turo lambar katinka. Na miƙa hannu zan karɓa in zazzage masa, Baba ya ɗaga min hannu. Ya saurare shi tsaf, don wai kada ya katse mutum bai tabbatar da muryar ba. Da ya tabbatar sai ya ce masa, a hankali, ba faɗa:

“Yaro, Allah ya shirye ka. Sauka daga layin nan haka, ina jiran ɗana.”